Hanyar da Aka Ce Mai Sauƙi Ce

Akwai wata magana da ta samu wurin zama a gidanmu, har jikokin da aka haifa daga baya sun iya ta. In aka tambayi yaushe ciwon mantuwa ya fara kama babanku, sai a ce, "Tun ranar daji." Faisal na faɗa, Hanan na faɗa, har matar Faisal da ba ta je ba tana faɗa kamar a gabanta aka yi. Ni da nake wurin da ƙafafuna biyu ban taɓa cewa e ba, ban kuma taɓa cewa a'a ba. Tunda na kama rubutun nan, bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Ba zan ce na gane komai ba, don shekarar nan ta bar ni cikin ruɗani, kuma har yau ban gama fita ba.

Kun tashi kun ga babanku da shago a unguwarmu ta Shisha, nan Makka, kuna ganin shi ne sana'arsa. Shago abin cin abinci ne kawai. Mutumin nan yana rayuwa ne don kwanakin Mina. Tun kafin in aure shi, duk shekara in alhazai suka iso sai ya rufe shago, ya ɗauki sandarsa mai koren ƙyalle a kai, ya shiga gaban alhazan Najeriya da Nijar, ya kai su jifa, ya dawo da su tanti, ya fito da su daga Muzdalifa cikin turmutsutsun da uwa ke rasa ɗanta. Sale Jagora ake ce masa. In tsohuwa ta ɓace tana kuka da Hausa, ko askari ne, wato ɗan sanda, ya tsince ta, wurinsa ake kawo ta. Yana da wani kira da yake yi in ya ɗaga sandar, "Jama'ar Sale, nan! Nan!" Murya ce da ke tsallake ƙarar bas. A gida kuwa ko cokali bai san inda ake ajiyewa ba, kuma na sha faɗa masa haka.

A shekarar da nake magana, Hanan na Kanada da mijinta yana ƙarin karatun likita, a wani gari can yamma a bakin teku. Ta haifi na biyu, ta dame mu da waya sai mun zo. Bayan ƙaramar salla muka tafi, da niyyar mu dawo kafin alhazai su fara sauka. Ƙasar ta ruɗa ni tun daga filin jirgi. Rana ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiran magariba, sama kuma kullum a rufe kamar an jiƙa bargo an shanya. Abin da ya sanyaya mana rai Lujain ce, babbar 'yar Hanan, lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Ba ta jin Hausa, Larabcinta ma rabi Turanci ne, amma ta manne wa kakanta kamar ta san shi tun haihuwa. Sidi kaza, Sidi kaza, duk inda ya sa ƙafa tana riƙe da yatsunsa.

Wata ranar Juma'a da yamma mijin Hanan ya ce gobe za mu fita tafiya.

Babanku ya ce, "Ina za mu?"

Ya ce, "Daji, ya ammi. Akwai wata hanya mai kyau kusa da teku."

"Wa za mu gaida a can?"

"Babu kowa."

"To me za mu ɗauko?"

Hanan ta yi dariya ta ce, "Abuya, tafiya ce kawai. Hanyar zagayawa take yi ta dawo da mutum inda ya bar mota. Mun zaɓi mai sauƙi saboda gwiwar Ummi, har tsofaffi da yara na bin ta."

Na dubi babanku, ya dube ni. Mu dai a iya saninmu, iyayenmu sun tako daga ƙasar Kano zuwa Makka da ƙafa saboda akwai abin da suka nufa. Shi ma yana taka Mina saboda akwai jifa a gaba da tanti a baya. Zagaye guda ɗaya muka sani a duniya, shi ma don lada ake yin sa. Amma a ce mutum mai mota, mai hankali, ya ajiye motar ya shiga jeji ya wahalar da kansa don ya dawo wurin motar, wannan kam kaina bai ɗauka ba. Na tambayi Hanan a ɗakin girki ko likita ne ya rubuta wa mijinta. Ta ce a'a, shan iska ne. Na ce iskar da ke ƙofar gida fa, me ta yi muku?

Da safe aka sa ni cikin wata rigar ruwa ja a kan abayata, aka ba ni takalmi irin na sojoji. Na dubi madubi ban gane matar ba. Na dai cusa filas ɗin shayi da dabino a jaka, don ban yarda da tafiyar da babu guzuri ba. Wayar babanku ma cikin jakata ta shiga, don ya ce tana yi masa nauyi a aljihu. Mijin Hanan ya goya jariri a wata jaka a bayansa, namiji da gemunsa, na kau da kai.

Ban san yadda zan kwatanta muku dajin nan ba, ku da kuka tashi cikin duwatsun Makka da ba su da ko ciyawa. Hanan ta sani, amma Faisal bai gani ba. Itatuwa ne da in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensu sai jiri ya ɗebe ka. Komai kore ne. Gansakuka ta lulluɓe itace, ta lulluɓe dutse, har tana rataye daga rassa kamar tsumma. Ga wani ƙaton icce ya faɗi ya ruɓe, wasu itatuwan sun tsiro a kan gawarsa suna ta girma abinsu. Wurin na wari irin na wankin da aka manta a bokiti. An shimfiɗa katako a ƙasa kamar gada, shi ake bi, nan da can an kafa allo da hoton hanya. Can nesa ana jin teku na numfashi. Turawa na wuce mu suna murmushi suna gaisuwa, har da wata tsohuwa da ta girme ni, da sanduna biyu, ita kaɗai. Na ce wa Hanan wannan ba ta da 'ya'ya ne? Ta ce in yi shiru.

Abin da na lura da shi, wanda ba wanda ya lura, babanku ne. Tunda muka shiga ya daina magana. Yana ta ɗaga kai yana neman sama, babu sama. Mutum ne da ke sanin inda yake ta dutse da rana, in ka rufe masa ido a Mina ka buɗe, sai ya dubi kan tsauni ya gaya maka lambar titi. A nan kuwa babu tsauni, babu rana, ko alƙibla da na tambaye shi sai ya juya hagu, ya juya dama, ya ce in tambayi wayar Hanan. Ban taɓa jin ya ce a tambayi wani hanya ba sai ranar. Lujain ce ta janye shi gaba tana nuna masa wasu halittu masu yauƙi da ke rarrafe a kan katako, suka yi mana nisa. Ni ina baya da gwiwata, Hanan na riƙe da ni, mijinta na tsayawa ɗaukar hoto.

Sai hanya ta fara gangara. Muka sauka cikin wani kwari, tudu a dama, tudu a hagu, ƙorama na gudu a tsakiya, katakon kuma na bin gefenta. A nan ruwa ya fara sauka. Ba wani ruwa ba ne, yayyafi ne mai laushi. Amma wallahi ni kaina sai da idona ya tafi kan tudun nan ba tare da na aike shi ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Makka kafin a haƙa manyan magudanan nan ya san abin da nake nufi. A garin nan ruwan sama ba ya shiga ƙasa, dutse ne, gangarowa yake yi. Kana cikin kwari ana yayyafi, ko ma ba a yi a kanka ba, an yi a kan tsauni, kafin ka ɗaure zani sail, wato ambaliya, ya iso, jan ruwa da duwatsu da itace da tumakin mutane. Abu guda aka koya mana tun muna rarrafe, in hadari ya same ka a kwari, ka bar kayanka, ka ɗauki yaro, ka hau sama.

Na ce, "Hanan, mu koma. Ana ruwa, kuma muna ƙasa."

Ta ce, "Ya Ummi, nan kullum haka ne. In za a jira ruwa ya ɗauke, ba wanda zai fita gida. Yalla, saura kaɗan mu ga teku."

Na ji kunya na ci gaba da tafiya. Muka sha kwana, hanya ta miƙe a gabanmu doguwa, babu kowa a kanta. Babu babanku, babu Lujain.

Da farko ba wanda ya damu, aka ce sun riga mu. Mijin Hanan ya miƙa mata jariri ya ruga gaba har bakin teku, ya dawo shi kaɗai. Ya ruga baya har wurin mota, ya dawo shi kaɗai. Hanan ta fara kiran sunan 'yarta da wata murya da ban san tana da ita ba. Dajin nan kuwa haɗiye murya yake yi, kana kira kamar kana kira cikin matashi. Aka ce a buga wa babanku waya, ga wayar a jakata kusa da dabino, kuma ko tana hannunsa wurin babu sabis. Hanan ta kama leƙa ƙorama tana kuka. Ni na tsaya a kan katako da jar rigata, kaina ya kulle. Zuciyata na ce mini sama suka yi, amma in na dubi tudun sai in ga santsi da saiwoyi da ganyen da ya kai ƙirji, in ce tsoho mai shekarunsa da yarinya a hannu ba zai iya hawa nan ba. Na faɗa sau ɗaya a hankali, mijin Hanan ya ce babu hanya a can, ni ma na ga babu.

Wasu masu wucewa ne suka je suka kira ma'aikatan dajin. Suka zo da kayan aiki, suka yi wa Hanan tambayoyi da Turanci, na ga tana nuna kanta da yatsa tana girgiza kai, daga baya na gane sun tambaye ta ko tsohon yana da ciwon mantuwa. Aka zaunar da ni a kan wani benci a jiƙe. Ban san tsawon zaman da na yi ba, na dai san la'asar ta wuce ni ban yi ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Can sai wata iska ta juyo daga tudu, ta kawo mini abin da na fi shekara arba'in ina ji.

"Jama'ar Sale, nan! Nan!"

Can sama ma'aikatan suka same su, nesa da hanya, a gindin wani icce. Ya cire rigar ruwansa da ta ciki ya naɗe yarinyar, shi ya rage daga shi sai singileti, yana rawar ɗari, ƙaurinsa na jini. Ashe da ya hau, ya jira ruwan ya wuce, ya juyo zai sauko sai ya ga kowane icce kamar ɗan'uwansa, ya ƙara nisa yana neman hanya. Lujain ko ƙwarzane ba ta yi ba, sai dai ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da aka sauko da su kan katako, yana riƙe da wuyan hannunta, riƙon da sai da ya bar shaida. Hanan ta durƙusa za ta ɗauki 'yarta, ya ƙi saki.

Ta ce, "Abuya, sake ta. Khalas, ni ce."

Ya dube ta kamar daga nesa ya ce, "Ba zan saki Hamisu ba."

Hanan ta juyo gare ni. "Ummi, wane ne Hamisu?"

Na matso kusa da babanku. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Malam, an fita. Sake ta." Sai ya saki. Na dubi ƙoramar da ta jawo mana wannan duka, tana nan yadda muka same ta, ko yatsa ɗaya ba ta ƙaru ba.

To ga Hamisu, tunda yau ranar faɗa ce. Ƙanen babanku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ku taɓa jin sunansa ba saboda kakarku ta hana a ambace shi. A shekarar farko ta aurena ta kira ni ɗakinta ta faɗa mini, ta kuma sa na yi alkawarin ba zan taɓa tayar wa ɗanta da maganar ba. Suna yara, gidajensu na kwano ne a bakin wani kwari. Ta aiki babanku da ƙanen, ta ce ya riƙe masa hannu. Aka fara yayyafi, yaran ba su damu ba, suna ma murna. Sail ya same su a tsakiyar kwarin. Babanku ya kama wani dutse da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da Hamisu, ruwa ya fi ƙarfinsa. Ba a ga ko rigar yaron ba. Kakarku ta ce tun daga ranar babanku bai ƙara yarda wani ya shiga gabansa a hanya ba, kuma bai taɓa barin wanda aka damƙa masa ya ɓace ba.

A gidan Hanan, bayan an ɗinke masa ƙafa, ta zauna a gabansa idonta a kumbure.

"Abuya, me ya sa ka bar hanya? Hanya ce ɗaya, an shimfiɗa katako, yaro ma ba ya ɓata."

Ya ce, "Ruwa ya same mu a kwari."

"Wane ruwa? Nan ba Makka ba ce!"

Ya sunkuyar da kai. Sauran kwanakin da muka yi, Hanan ba ta yi masa rashin kunya ba, Allah ya sani, amma duk lokacin da Lujain ta nufe shi sai a tuna ana nemanta a ɗaki. Yarinyar ma ta fara raɓewa bayan uwarta in ya miƙa mata hannu. Na karya alkawarin kakarku, na same shi ni da shi na ce ya bar ni in gaya musu labarin Hamisu. Ya ce, "Rabi, bar yaron nan ya huta." Na ce za su ce ka zautu. Ya ce su ce.

Haka kuwa aka yi. Kafin jirginmu ya sauka Jidda, labari ya riga mu. Faisal ya kai shi mustashfa, wato asibiti, aka yi hoton kai, aka sa shi ya zana agogo, ya ƙirga baya-baya. Likitan ya ce akwai shekaru, mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, a dai sa ido. Wannan amsa ba ta raba gardama ba, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa. Gida ya cika da muryoyi. Faisal a falo, Hanan a waya ana ganin fuskarta, yayar babanku ta zo daga unguwarsu da nata ra'ayin. Magana ɗaya ce, bana ba zai je Mina ba.

Faisal ya ce, "Ummi, mutum ya tsaya a dajin Kanada yana kiran alhazai, ya kira jikarsa da sunan wanda ba a sani ba. In ya yi haka da tsofaffi cike da bas a bayansa fa? Wa zai ɗauki alhakinsu?"

Na ce, "Wanda ya shekara arba'in yana kira ɗaya, in ya shiga uku wane kira kake so ya yi?"

Hanan ta ce daga cikin waya, "To sunan fa, Ummi?"

A nan kullum sai in tuna ya ce in bar yaron ya huta. Gaskiya kuma, ni ma ban san abin da na yarda da shi ba. In na kwanta sai in ce abin da ya yi shi duk ɗan Makka na zamaninmu zai yi, ni ma da ƙafata lafiya da na hau. In na tashi sai in tuna idonsa lokacin da ya dubi Hanan bai gane ta ba. Shin tsoro ne ya mayar da shi yaro na ɗan lokaci, ko kuwa wani abu ne ya fara cin kansa? In na goyi bayanku, na kashe mutum da ransa, don hana shi Mina daidai yake da rufe shi a ɗaki. In na goyi bayansa kuma wata tsohuwa ta ɓace a hannunsa, da wane ido zan dubi Ubangiji? Shi kuwa ya ce ba wanda zai hana shi sai ni. In na ce kar ya je, ba zai je ba. Ya ɗora mini kayan ya koma shago.

Sai na yi dabara irin ta mata. Wata safiya kafin a rufe hanyoyi saboda alhazai, na ce masa duk shekarun nan ban taɓa ganin Mina babu mutane ba, ya kai ni in gani. Ya san abin da nake yi, na san ya sani, ba wanda ya faɗa. Muka ɗauki tasi. Tantuna farare jere har iyakar gani, babu kowa sai masu gyara da kyanwoyi. Ya shiga gabana, hannunsa a baya, na ga kafaɗunsa sun miƙe. Ya nuna mini inda alhazan Sakkwato ke sauka da inda na Maraɗi ke sauka. Ya nuna mini lungun da yake bi da masu keken guragu, da famfon da ya fi sanyi, da wurin da in an dawo daga Muzdalifa mutane ke kuskure su bi hagu. Na gwada shi, na ce mu koma ta wata hanya, ya kai ni ta wata ya fito da ni daidai inda tasi ya ajiye mu. Har sunan wata tsohuwa da ya tsinta shekarun baya ya tuna, da garinsu. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye. Na ce a raina yau zan kira Faisal da Hanan in wanke su tas.

Da muka dawo Shisha muka sauka a bakin kasuwa, ya sayi burodin tamis mai zafi da wake, muka gangaro titinmu. Rana tsaka, sama wasai, babu ko ɗigon hadari. Yana gaba da ledar burodi, ina baya. Muka iso ƙofar gininmu, ƙofar nan mai shuɗin fenti da shi ya shafa da hannunsa, gidan da muka aurar da ku a cikinsa. Ya wuce. Na ɗauka zai gaida mai wanki ne, ya wuce mai wanki. Ya tafi har ƙarshen titi, ya tsaya, ya ɗaga kai yana duban gine-gine ɗaya bayan ɗaya, ya juya hagu, ya juya dama. Na san wannan juyin, na gan shi lokacin da na tambaye shi alƙibla.

Ban san lokacin da na ce, "Wayyo gwiwata! Malam, zo ka riƙe ni." Ya dawo da sauri ya kama hannuna, na jingina da shi na juya mu a hankali, ni ke ja amma kamar shi ke kai ni, har muka shiga. Muka ci tamis ɗin. Ban kira kowa ba ranar.

Washegari bayan ya dawo masallaci ya zauna a bakin gado ya ce, "Rabi, jiya na wuce ƙofa ko?"

Na ce, "Ni ma ban lura ba, zafi ya yi yawa."

Ya ce, "Kin lura."

Ya tashi ya ɗauko sandar daga bayan kabad, ya warware koren ƙyallen ya ninke shi, ya ce in ba Faisal ya mayar wa mutanen ofishin alhazai, a ce musu su nemi wani. Ban ce kar ya je ba, bai kuma jira in ce ba. Da kuka ji, kuka yi hamdala. Faisal ya sumbaci kansa ya ce ai tun ranar daji muka gane, Hanan ma ta faɗi haka a waya tana kuka. Babanku ya dube ni ta saman kan Faisal, na dubi ƙasa. Ranar da alhazai suka fita Mina a shekarar, ya zauna a bakin taga tun safe yana jin ƙarar bas-bas, da takalminsa a ƙafa.

Kun san sauran. Kun san yadda ciwon ya zo a hankali, ya ɗauke masa sunayen maƙwabta, ya ɗauke shago, daga baya ya ɗauke ku, a ƙarshe ya ɗauke ni. Ba ku yi kuskure ba da kuka ce kar ya je. Abin da har yau ban iya warwarewa ba shi ne ko abin ya riga ya fara tun kafin mu hau jirgi, ko kuwa dajin nan ne ya tsinka wani zare a kansa. Na tambayi likita, na tambayi malamai, na tambayi kaina, ban samu amsa ba. Amma a farkon ciwon, wata rana da hankalinsa ke garau, ya kira ni ya ce, "In ba na nan, ki gaya musu Hamisu. Ki gaya musu a dajin nan hanya ce ta ɓace mini, ba yarinyar ba. Na san abin da nake yi." Na ce to. Ga shi na faɗa.

Hanan, Lujain ta girma yanzu, na ji an ce har tana kai ƙawayenta irin waɗannan hanyoyin, kuma in aka ambaci kakanta abin da take tunawa tsoho ne da ya ja ta cikin jeji tana kuka, ya matse mata hannu har ya yi shati. Ki zaunar da ita ki fassara mata wannan babin, da Larabci ko da Turanci, duk wanda ya fi shiga. Ki gaya mata an taɓa ba shi hannun yaro a cikin kwari ana yayyafi, ruwa ya ƙwace. Da aka sake ba shi, bai saki ba.